Jawabi a kan Kacalla da Halin da Tabkunanmu ke Ciki

Wannan shi ne jawabin da sakataren ƙungiya ya karanta a babban taron shekara, a gaban dattawa da ƴan ci-ranin da suka zo gida. Mun buga shi duka saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.



Sarakunanmu da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Sarkin ruwa da masunta, manoma da makiyaya, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kuka taso daga Damagaram, da Yamai, da Agadas, da Kano, da Legas, har da Libiya da Aljeriya, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma yi muku sannu da hanya.

Kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kan ruwa. Dalili kuwa biyu ne. Na farko, masunta sun kawo kuka cewa kacalla na cinye tabkuna, wurin jefa birgi yana ƙara ƙanƙancewa kowace shekara. Na biyu, waɗansu daga cikin ƴan'uwanmu na waje, da kyakkyawar niyya, sun ce za su sayo irin kifi daga inda suke zaune su zo su zuba a ruwanmu don a samu yalwa. Akwai kuma waɗanda suka ga hotunan ƙaguwa cike da taru a wayoyinsu, suna tambaya ko wannan abu zai iya iso mu. Duka maganganun nan jijiyarsu ɗaya ce, saboda haka zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan in kawo shawarar kwamiti. Yanke hukunci naku ne.

LABARIN ƘAGUWA

Bari in fara da ƙaguwa, tun da ita ce ta tayar wa mutane hankali.

Akwai wata irin ƙaguwa ta ƙasar Sin, girmanta kamar tafin hannu, mai gashi a ƙahonin da take kama abu da su. A shekarar 1912 aka fara ganinta a ƙasar Jamus, cikin wani kogi da ake kira Aller. Ba wanda ya gayyace ta. Manyan jiragen ruwa sukan ɗebi ruwa su zuba a cikinsu don nauyinsu ya daidaita, in sun isa wata tasha su zubar. A cikin wannan ruwa ƴaƴanta suka yi tafiya. Kafin shekara 25 ta cika kogunan Jamus da Holan, a 1935 aka gan ta a kogin da ya ratsa Landan, a 1992 kuma ta bayyana a San Faransisko ta ƙasar Amurka. Mace guda tana iya ɗaukar ƙwai har miliyan ɗaya. Ɓarnarta uku ce: tana cinye abincin da masunci ya sa a ƙugiya, tana yaga taru ta ɓata kifin da ya kamu, tana kuma haƙa ramu a gaɓar kogi har gaɓar ta zube.

Waɗanda suka yi aiki a Tunisiya sun san wata. A 2014 wata shuɗiyar ƙaguwa ta bayyana a gaɓar Gabes, ta biyo mashigin Suwez daga Bahar Maliya. Ta yayyage kayan masunta har suka laƙaba mata suna Da'ish. Daga baya suka sake dabara, suka ƙera mata tarko, yanzu suna kama ta ana sayarwa ƙasashen waje. A 2023 kuma wata ƴar'uwarta da ta fito daga Amurka ta cinye abin da masunta ke kiwo a bakin kogin Po na ƙasar Italiya, har sai da gwamnati ta fitar da kuɗi don yaƙi da ita.

To, ku kwantar da hankalinku a kan waɗannan. Dukansu sai da ruwan gishiri suke haihuwa. Ko ta Sin, da ke hawa kogi tafiyar ɗaruruwan kilomita, dole ta koma bakin teku in za ta yi ƙwai. Tsakaninmu da teku kuwa akwai Nijeriya gaba ɗayanta, kuma babu kogin da ya haɗa tabkunanmu da shi. Waɗannan ƙaguwoyi ba za su yi zuri'a a ƙasar Magariya ba.

Amma akwai danginsu da ba su bukatar teku, kuma mutum ne ke ɗaukarsu da hannunsa. A 1970 aka kai wata halitta mai kama da ƙaguwa, mai dogon jiki da jela, daga Amurka aka zuba a tabkin Naibasha na ƙasar Kenya, wai don a samu abin sayarwa. Ta cinye bado da sauran tsiron ruwa, ta dinga ɓata kifin da ya kamu a kalli. Wata irinta daga Ostareliya ta kuɓuce daga wuraren kiwo ta shiga kogin Kafuwe da tabkin Kariba a Zambiya, masunta na can suna kuka da ita har yau, don kafin su ɗaga kalli da safe ta riga ta ci rabonta. Irin waɗannan, in wani ya zuba su cikin bokiti ya kawo, za su rayu a nan. Abin tsoron ke nan.

GIWAN RUWA DA BAƘUWAR KAINUWA

Kowa a nan ya san giwan ruwa. A kogin Kwara da tabkin Cadi ɗan gida ne, sarkin kifi ne, ba ya ɓata kome, don sauran kifaye sun san shi tun kaka da kakanni, sun san yadda za su kauce masa. A shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a tabkin Biktoriya, wanda ke tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Shekara fiye da 20 ba a ga wani abu ba. A shekarun 1980 sai ya yi yawa ƙwarai. Tabkin nan yana da ƙananan kifaye dangin karfasa iri wajen 500, masana sun ce wajen iri 200 sun ɓace, giwan ruwa na cikin manyan dalilai, tare da gurɓacewar ruwan. Gaskiya ne an samu kuɗi, an kafa masana'antu ana kai namansa Turai. Amma mai ƙaramin kwale-kwale da ƙaramin taru bai iya kamun wannan ƙato ba, kuma matan da ke shanya ƙananan kifi a rana sun koma neman itacen banda, don giwan ruwa mai kitse ne, ba ya shanyuwa. Ku duba, kifi ɗaya ne, a wani ruwa albarka, a wani ruwa masifa.

Haka labarin baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure. Tamu ta gargajiya mun san ta, ita ce ake ce wa dashen Allah. Waccan kuwa dashen mutum ce. Asalinta Amurka ta Kudu, mutane suka yi ta yawo da ita saboda kyan furenta. A shekarun 1950 ta toshe kogin Kwango da kogin Nilu a Sudan, a 1984 ta rufe ruwan Legas, daga baya ta bazu a kogin Kwara, mutanen Yamai da Gaya da Yawuri duk sun sha fama da ita. In ta samu ruwa mai taki, cikin mako biyu tana iya ninka kanta. Ƴan'uwanmu na Yamai, in kun gan ta a tukunyar fure a gidan wani mai kuɗi, ku bar ta can. Kada yaro ya tsinko ta ya zo da ita gida.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. A ƙarshen 2018 wata cuta ta faɗa wa karfasar da ake kiwo cikin keji a tabkin Bolta na ƙasar Gana, kifi ya yi ta mutuwa, masu kiwo da yawa suka yi hasara mai tsanani. Ɗan kifi yana iya zuwa da ƙoshin lafiya a ido, alhali cuta na cikin jikinsa ko cikin ruwan da aka ɗauko shi. In ta shiga tabki, ba likitan da zai bi kifi ɗaya-ɗaya ya yi masa allura.

KACALLA

Yanzu in zo kan namu. Kacalla ba baƙuwa ba ce. Iyayenmu sun san ta tun suna yara, ana yankarta a yi zana da tabarma da rufin ɗaki. A da tana tsayawa a gefe, ta san iyakarta. Abin tambaya shi ne, me ya ba ta sake? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kacalla tana son abu uku: ruwa marar zurfi, ruwan da ke zaune wuri ɗaya rani da damina, da laka mai taki. Inda ruwa ya wuce tsayin mutum ba ta iya kafa saiwa sosai. Inda kuma ƙasa ke bushewa ƙayau wata da watanni, tana ja da baya. To, mu duba abin da ya faru. Gonaki sun matso har bakin ruwa, an sare itatuwa da ciyawar da ke riƙe gaɓa, iska da ruwan sama suna kwaso rairayi suna zubawa cikin tabki. Tabki yana cikewa daga ƙasa, zurfinsa na raguwa. Takin zamani da na dabbobi da ake sa wa garake, wani kasonsa ruwa ke wanke shi ya kai cikin tabki. Wato mu da kanmu muka yi mata shimfiɗa, muka kuma kawo mata abinci.

Tana yaɗuwa ta hanya biyu. Zangarniyarta guda, wadda ke kama da ta gero, tana ɗauke da iri fiye da dubu 100, marar nauyi kamar audugar rimi, iska na kai shi nesa. A ƙarƙashin laka kuma saiwarta na rarrafe tana fitar da sabon tsiro. Saboda haka ne wanda ya sa mata wuta da rani yake ganin kamar ya gama da ita, bayan mako uku sai ta fito kore shar. Wuta ta ci ganye kawai, saiwa na nan, toka kuma ta zama mata taki.

In kuna son ganin ƙarshen wannan hanya, ba sai kun je nesa ba. Ƴan'uwanmu da ke zuwa Haɗeja da Guri da Nguru sun gani da idonsu. A da kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye. A 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 aka gama ta Callawa. Daga nan ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, babu babbar ambaliyar da ke wanke hanyar ruwa, babu bushewar da ke kashe ciyawa. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, har da mashigin Marma da ke kai ruwa tabkin Nguru. Wani gari ruwa ya cinye masa gonaki, wani gari kuma ruwan ya daina zuwa masa. Masunta suka rasa wurin tuƙa jirgi. Jan baki ya samu maɓoya a cikinta, yana fitowa ya cinye shinkafa da gero da dawa. Har gwamnatin Jigawa ta kai ga sayen manyan injuna masu shiga ruwa don buɗe hanyoyin. A ƙasar Senegal ma haka aka yi bayan an gama madatsar Diyama a 1986.

Mu ba mu da madatsa, amma rairayi yana yi mana abin da madatsa ta yi musu. A nan jiharmu ta Damagaram, tabkin Gidimuni yana fama da ita, haka tabkuna da yawa na kwarin Korama, daga ƙasar Kance zuwa Magariya da Dungas. Ba kuma ƙananan wurare ba ne a idon duniya. Akwai yarjejeniyar kare wuraren ruwa da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971, Nijar ta shiga a 1987. A 2005 aka sa tabkin Lasuri cikin jerin wuraren da wannan yarjejeniya ta ɗauka da muhimmanci, a 2019 aka ƙara Gidimuni da Madarunfa. In mutanen nesa sun san darajar ruwanmu, mu da ke sha ya kamata mu fi su sani.

ABIN DA MUKE HASARA

Masunci shi ne na farko. Birgi ba ya buɗewa a cikin kacalla, kalli ba ya shimfiɗuwa, mamari kuwa sarƙewa yake. Ganyen da ya mutu yana ruɓewa a ƙasa, yana cinye iskar da ke cikin ruwa wadda kifi ke shaƙa. Tarwaɗa da gaiwa suna jurewa, don su suna iya ɗago kai su shaƙi iskar sama. Karfasa ba ta da wannan baiwa, kuma wurin da namijinta ke share rami a rairayin gefe don ta yi ƙwai, shi ne wurin da kacalla ke fara kamawa. In masunta sun ce karfasa ta yi wuya, ga dalili nan.

Na biyu mai garka. Ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari da danshi, inda ake sa rake da rogo da dankali da albasa, ita ce kacalla ke mamayewa. Tun yunwar 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta matsa a kan noman rani, wannan ƙasa ce ke cike giɓin rumbu a gidaje da yawa. Duk taƙin da aka rasa, wani yaro ne zai ɗauki jaka ya tafi.

Na uku makiyayi. In mashaya ta toshe, shanu za su nemi wata hanya, hanyar kuwa ta cikin garkar wani za ta bi. Mun san abin da ke biyo baya. Rigimar da ake kaiwa gaban sarki ana cewa ta manomi da makiyayi ce, wani lokaci in an bi sawu, kacalla ce ta haɗa su.

Na huɗu lafiyar yaranmu. Sauro yana samun wurin haihuwa inda kifi ba ya iya kai masa. Ƙananan dodon koɗi, waɗanda ƙwayar tsargiya ke girma a jikinsu, suna manne a jikin ciyawar ruwa. Yaron da ke fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda ake faɗa a da. Ciwo ne, daga ruwa yake ɗaukarsa, akwai kuma maganinsa a likita.

Na biyar kuwa ku ne, ƴan ci-rani. In garka ta mutu, kifi ya ƙare, wa za a buga wa waya? Kuɗin cefanen da kuke aikowa zai ƙaru, kuma ranar da ƙarfi ya ƙare kuka dawo gida, abin da aka bari shi za ku tarar.

YADDA AKE YAƘI DA ITA

Akwai dabara, ba kuma mai tsada ba ce. Saiwar kacalla tana cikin laka inda babu iska. Ta cikin ganye da kara take samun numfashi, kamar mutumin da ya nutse yana shaƙa ta cikin bututu. In aka yanke ta a saman ruwa, bututun na nan a buɗe, sai ta sake tohowa. In aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, taƙi ɗaya ko biyu, ruwa ya rufe bakin karan, saiwar ta shaƙe. Sau ɗaya ba ya isa. Sai an koma an sake yanke abin da ya ɗago kai, sau biyu ko uku a shekara, kuma a yi kafin zangarniya ta nuna ta watsa iri. Abin da aka yanka a fitar da shi tudu, kada a bar shi ya ruɓe a ruwa.

Lokacin aikin yana da muhimmanci. In aka bari sai ruwa ya janye, kututturen zai fito fili ya samu iska, aikin ya zama na banza. Saboda haka bayan girbi, ruwa na cike, hannuwa kuma sun samu sarari, kafin samari su watse, shi ne lokacin da ya fi dacewa.

Abin da aka fitar ba shara ba ne. Ana zana da tabarma da shinge da shi. Ɗanyen tsiro dabbobi na ci. In aka tara shi a rami da kashin dabbobi yana zama taki. A Muritaniya da Senegal har gawayin girki suke yi da kacalla, suna matse shi dunƙule-dunƙule suna sayarwa, itacen daji ya huta. Wannan sana'a ce da ƙungiyoyin matanmu za su iya koya.

Waɗansu wurare ƙungiyoyin agaji sun biya mutane kuɗi ko hatsi aka yanke kacalla, tabki ya buɗe, kowa ya yi murna. Inda ba a bar kowa da alhakin kula ba, bayan shekara biyu ko uku ta dawo kamar ba a taɓa ba. Taimakon waje yana da amfani, muna kuma nemansa, amma wanda zai dinga komawa kowace shekara da lauje a hannu sai mai wurin.

Kada wani ya ce ba za mu iya ba. Dattawan da ke zaune a nan sun ga lokacin da gonakin ƙasar nan suka zama fili fetal bayan farin 1973 da na 1984. Manoma suka shiga barin tsiron gawo a gonakinsu suna yi masa sassabe, ba tare da an dasa ba. Yau ƙasar Magariya da Matamai da Mirya ta zama abin misali, masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallon gawon da talakawa suka raya. Hannun da ya yi wancan shi zai yi wannan.

SHAWARAR KWAMITI

Ga abin da kwamiti ke roƙon taro ya duba, ya amince ko ya gyara.

1. Kada kowa, ɗan gida ko baƙo, ya zuba kifi, ko ƙaguwa, ko wata halitta, ko tsiron ruwa da ya kawo daga wani wuri a cikin tabkunanmu, sai sarkin ruwa ya sani, ma'aikatan ruwa da daji kuma sun gani sun yarda. Ƙasarmu tana da dokar su tun 1998, an kuma sabunta ta a 2021, ma'aikatan nan su ne masu kula da ita. Ƴan'uwan da suka yi niyyar kawo irin kifi, mun gode, ba mu ƙi ba. Mu haɗa kuɗin, mu je tare wurin ma'aikata, a samo karfasa da tarwaɗa irin na ƙasarmu daga ruwan da aka san lafiyarsa. Kuma a fara share wuri tukuna, don zuba kifi cikin kacalla zuba kuɗi ne a rijiya.

2. Masuntan da ke zuwa su a Haɗeja, ko tabkin Cadi, ko Kwara, in sun dawo su wanke taru da gora da mali, su shanya su a rana su bushe sarai kafin su sa su a ruwanmu. Baƙin masunta ma a gaya musu haka da girmamawa.

3. Wanda ya ga wata halitta ko tsiro da bai sani ba a ruwa, ya kamo ya kai wa sarkin ruwa ran nan. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. A sa ranakun gayya bayan girbi, unguwa-unguwa. A fara da mashayar dabbobi da wurin da masunta ke shiga, kada a watsa ƙarfi ko'ina. Gara a share kaɗan a riƙe shi, da a share da yawa ya koma.

5. Wanda ba ya gida lokacin gayya ya aiko da madadinsa. Kwamiti na ba da shawarar jika 2 ga kowane ɗan ƙungiya da ke waje, wanda Allah ya buɗa wa ya ƙara. Da kuɗin za a sayi lauje da adda da manjagara da takalman roba masu tsawo, a yi wa ma'aikata abinci. Ma'aji zai rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a buga shi a wannan takarda da sunan kowace unguwa, kowa ya gani.

6. Yara ƙanana ba za su shiga ruwa wurin aikin ba. Manyan da suka shiga, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je likita, kada ya ji kunya. A kuma hana yin fitsari da bayan gida a bakin tabki, don ta nan ƙwayar ke komawa ruwa.

7. A bar tazara tsakanin garka da bakin ruwa, a bar ciyawa da itatuwa su riƙe gaɓa. Dattawa da masu garake su zauna su yanka yawan tazarar. In ba a tare rairayi ba, yankan kacalla aikin baban giwa ne.

8. Kafin a ɗaga lauje, a je wurin kwamitin filaye da ake kira Kofo, tare da masu gari da wakilan makiyaya, a rubuta iyakar tabki, da burtali, da mashaya, da kuma wanda ke da hakkin noma ƙasar da za ta fito in an share. Dokar karkara ta 1993 ta ba da wannan hanya. Ƙasar da kacalla ta rufe ba mai faɗa a kanta, amma ranar da ta buɗe masu ita za su yi yawa. Gara a yi maganar yau da sanyin rai.

9. A roƙi magajin garin Dantchiao ya sa wannan aiki cikin tsarin raya karkarar, ya kuma haɗa mu da maƙwabta na Bande da Waca da Dungas, har da ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka wajen Babura. Irin kacalla iska ke ɗauke shi, ba ya tsayawa a nuna takarda a bakin iyaka.

Iyayenmu dattawa, akwai abin da muke roƙo a wurinku wanda kuɗi ba ya saye. Ku ne kuka san inda ruwa ke tsayawa a da, da irin kifin da ake kamawa wanda yanzu ba a gani, da watannin da sarkin ruwa ke rufe su don kifi ya yi ƙwai, da hukuncin wanda ya karya doka. Muna so ku zauna da ƴan lakwal biyu ko uku su rubuta wannan duka, a ajiye a wurin ƙungiya. Da shi za mu san abin da muka rasa, da shi kuma za mu auna ko aikinmu yana ci gaba.

Ku kuma ƴan'uwa na waje, in kun koma ku kira taron ƴan gari a inda kuke, ku karanta musu wannan takarda, ku aiko da amsa ta hannun wakilinku kafin a fara girbi, don a san yawan kayan aikin da za a saya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yanzu zan zauna, sarkin ruwa ya yi nasa bayani, sa'an nan a buɗe fili ga duk mai magana, a bi shawarwarin nan tara ɗaya bayan ɗaya.  Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.